Kundin aikin gano abin da ke hana kwamfutocinmu sabunta manhajoji ta furoksin apt-cacher-ng

Litinin, 9 ga Oktoba, 2023

Da safiyar yau aka kawo ƙorafi daga ɗakin kwamfutocin ɗalibai cewa umarnin apt update, wanda ke sa inji ya duba ko akwai sababbin manhajoji, ya daina kammaluwa lafiya a kan kusan dukkan injinan da ke wurin. Debian 12 ce babbar manhajar da ke kansu, wadda ake kira bookworm, tun bayan fitowarta ranar 10 ga Yuni da muka ɗaga su daga Debian 11, wato bullseye. Abin da ya sa aka lura da wuri shi ne, ranar Asabar da ta wuce, 7 ga wata, Debian ta fitar da 12.2, muka so mu shigar da gyare-gyaren da ta zo da su, amma sai injinan suka nuna kamar babu wani sabon abu, sannan can ƙasa suka buga saƙo cewa fayil ɗin InRelease na bookworm-updates, ɗaya daga cikin sassan rumbun da ake ɗauko manhajojin Debian, "is expired", wato wa'adinsa ya ƙare, saboda haka ba za su karɓi komai daga wannan sashe ba.

Yana da kyau in rubuta yadda tsarin yake domin wanda zai karanta wannan kundi bayana. Babu inji ko ɗaya a ɗakin da ke zuwa intanet da kansa don ɗauko ƙunshin manhaja. Akwai tsohuwar kwamfuta guda a kusurwar ɗakin wadda muka mayar saba, wato mai yi wa sauran injinan hidima, tana gudanar da apt-cacher-ng, manhajar da Eduard Bloch ya rubuta, tana saurare a ƙofa mai lamba 3142. A kowane inji kuma akwai ɗan fayil a cikin /etc/apt/apt.conf.d mai layin Acquire::http::Proxy da ke nuna adireshin wannan saba. Idan inji na farko ya nemi ƙunshi, sabar za ta sauko da shi ta ajiye kwafi, sauran kuwa daga ajiyar za a ba su. Data muke saye wata-wata da kuɗi mai ciwo, kuma ƙunshi irin na LibreOffice ko na kanel, wato zuciyar babbar manhajar, ba abu ne da za mu iya biya wa kowane inji daban ba. Saboda haka cire furoksin, wato wannan saba da ke tsakaninmu da intanet, gaba ɗaya ba ya cikin abin da nake dubawa.

Gwajin farko mai sauƙi ne. Na ɗauki inji ɗaya na ce masa ya tsallake sabar, ta hanyar ba apt zaɓin -o Acquire::http::Proxy=DIRECT, nan take ya ga 12.2 da duk abin da ke tare da ita. Ke nan matsalar tana tsakanin sabar da wajen da take ɗaukowa.

Talata, 10 ga Oktoba

Malamin da ke kula da ajin yamma ya same ni ya ce, "Malam, na gani a wani wuri cewa idan aka sa Acquire::Check-Valid-Until ya zama false, saƙon zai ɓace, me zai hana mu yi haka mu huta?" Na ce masa, "Gaskiya ne zai ɓace, Malam, amma saƙon shi kaɗai ne ya gaya mana gaskiya tun jiya." Na ɗauki lokaci na yi masa bayani, kuma zan maimaita a nan domin duk aikin da zai biyo baya a kan wannan ya dogara.

Abin da apt ke fara saukowa da shi daga kowane rumbu shi ne InRelease. Fayil ne na rubutu wanda Debian ta sa wa hannu da makullinta, a cikinsa akwai sunan kowane fayil na jerin ƙunshe-ƙunshe, irin su Packages.xz, da girmansa da lambar tantancewarsa ta SHA256. A cikin Packages kuma akwai girma da lambar tantancewar kowane fayil na .deb. Kamar takardar da mai kaya ke haɗa direba da ita ce, an rubuta yawan buhuna da nauyin kowanne an buga hatimi, ta yadda duk wanda kayan suka bi ta hannunsa a hanya ba zai iya canja komai ba tare da an gane ba. Wannan ne ya sa ake iya barin furoksi a tsakani ba tare da fargaba ba. Sai dai akwai abu ɗaya da sa hannu ba ya karewa, wato a riƙa ba ka tsohuwar takarda, sahihiya, mai hatimi na gaske, alhali an riga an fitar da sabuwa. Domin toshe wannan ƙofa ne ake sa layin Valid-Until a InRelease na sassan da ke canjawa kullum, kamar bookworm-updates da bookworm-security, inda wa'adin yake kwana 7. Babban sashen bookworm ba shi da wannan layi, shi ya sa bai yi ƙorafi ba, ya yi shiru kawai yana nuna tsohon abu. Wanda ya kashe binciken wa'adi ya mayar da sauran sassan masu shiru irin wannan, kuma injinansa za su iya yin watanni babu gyaran tsaro ba tare da kowa ya sani ba.

Na buɗe kwafin InRelease da ke cikin /var/cache/apt-cacher-ng/debrep, layin Date ya nuna wata rana a ƙarshen Satumba. Rumbun Debian kuwa sau 4 ake sabunta shi kowace rana.

Alhamis, 12 ga Oktoba

An gano tushen matsalar farko, kuma ba a cikin ajiyar take ba. Da farko zatona shi ne sabar ta riƙe tsohon InRelease ta ƙi tambayar sabo, amma apt-cacher-ng ba haka take aiki ba, domin tana raba fayiloli gida biyu. Akwai masu canjawa, irin su InRelease da Packages, waɗanda take komawa ta tambayi rumbu ko sun canja idan an nema, sai dai idan 'yan daƙiƙoƙi ne kacal suka wuce tun tambayar ƙarshe. Akwai kuma dawwamammu, irin su .deb, waɗanda idan ta sauko da su sau ɗaya ba ta sake tambaya, tun da ƙa'idar Debian ita ce fayil mai suna ɗaya da lambar siga ɗaya ba ya canja abin da ke cikinsa. To tana tambaya kamar yadda ya kamata, amma wa take tambaya?

A cikin /etc/apt-cacher-ng/acng.conf akwai layin da ya fara da Remap-debrep. Aikinsa shi ne ya tattara duk adireshin rumbunan Debian da aka sani ya mayar da su wuri ɗaya a ajiya, domin kada a sauko da ƙunshi ɗaya sau biyu don kawai injina biyu sun ambaci rumbu daban-daban. Dabara ce mai kyau. Amma ƙarshen layin yana nuna wani fayil mai suna backends_debian, kuma idan akwai adireshi a cikinsa, to can sabar za ta je, ko da injin ya rubuta deb.debian.org a jerin rumbunansa. A namu an rubuta adireshin wani rumbun kwafi tun lokacin da aka kafa sabar, mai yiwuwa saboda a lokacin ya fi sauri. Na buɗe shi kai tsaye ta burauza, na tarar ya daina ɗauko sabuntawa daga uwar rumbu tun ƙarshen Satumba, amma yana nan a buɗe yana amsa kowace tambaya da cewa babu abin da ya canja.

Wannan kuma ya warware wani abu da ya ɗaure mini kai ranar Litinin. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta ɗaya daga cikin malamai ita kaɗai ba ta kawo saƙon ƙarewar wa'adi ba, sai dai tana kawo 404, wato ba a samu fayil ba, a kan ƙunshe-ƙunshe da yawa. Ashe malamin ya sabunta jerinta a gida da datar wayarsa, ta ga 12.2, da ya dawo ɗakin sai ta riƙa neman sababbin fayiloli ta hannun sabar, sabar kuma tana nema a rumbun da bai taɓa ganinsu ba. Shi kuwa apt idan aka ba shi InRelease da ya girmi wanda yake da shi, ba ya komawa baya, yakan riƙe na hannunsa ne kawai, don haka ba ta yi ƙorafin komai ba a matakin farko.

Na maye gurbin adireshin da http://deb.debian.org/debian/, na sake tayar da manhajar, injinan suka ga 12.2. Na kuma aika wa masu kula da wancan rumbu saƙo, domin tabbas ba mu kaɗai ne ke dogaro da shi ba.

Litinin, 16 ga Oktoba

Sabuntawar ta tafi daidai har zuwa wani ƙunshi babba, inda kowane inji ya tsaya da saƙon "Hash Sum mismatch", yana nuna lambar da yake tsammani da wadda ya samu. Abin lura shi ne, lambar da ba daidai ba ɗin iri ɗaya ce a kan dukkan injinan. Da layin da ke tsakanin injinan da sabar ne ke lalata fayil a hanya, da kowane inji ya samu tasa lambar daban. Samun abu ɗaya a ko'ina yana nufin gurɓataccen kwafi ne guda ke zaune a ajiya ana rarraba shi.

Na lissafa lambar fayil ɗin da sha256sum a kan sabar, ta yi daidai da gurɓatacciyar. Girmansa ya cika cif, amma da na duba cikinsa sai na ga wani dogon yanki kusa da ƙarshe babu komai sai sifili. Lokacin da aka rubuta shi ya zo daidai da yammacin Juma'a, sa'ad da aka ɗauke wuta kuma batirin UPS ɗin sabar, wanda ya daɗe da gajiya, bai riƙe ta ba ko na minti ɗaya. Fahimtata ita ce an riga an ware wa fayil ɗin wurinsa a faifai, amma ba dukkan abin da ke cikinsa ne ya kai ga sauka ba kafin injin ya mutu. Da sabar ta dawo, ta ga fayil mai cikakken girma a rukunin dawwamammu, ba ta da dalilin sake nemansa.

A nan ma an kawo shawarwari biyu, duka na ƙi su. Ta farko ita ce a yi amfani da --allow-unauthenticated ko a sa trusted=yes a jerin rumbuna, wanda ko kusa ba shi da alaƙa da wannan cuta, kuma ba na son ɗalibai su ga malamansu suna buga irin wannan umarni su ɗauka al'ada ce. Ta biyu ita ce a share ajiyar baki ɗaya, abin da mutane da yawa ke fara yi. Zai yi aiki, amma zai zubar da abin da muka tara na watanni, mu sake sayensa da data, saboda fayil guda. Abin da na yi shi ne na tsayar da manhajar, na goge fayil ɗin tare da ɗan'uwansa mai ƙarewa da .head, wanda a cikinsa apt-cacher-ng ke ajiye bayanin da rumbu ya aiko game da fayil ɗin, sannan na tayar da ita. Inji na farko ya sauko da sabo, sauran suka bi.

Tun da wuta ba sau ɗaya aka ɗauke ta ba, na shiga shafin kulawa na manhajar, acng-report.html a ƙofa ta 3142, na zaɓi binciken da ke gwada abin da ke cikin kowane fayil da lambar tantancewarsa. Yana da jinkiri ƙwarai a kan tsohon faifai, na bar shi ya kwana yana yi a kan inbata.

Talata, 17 ga Oktoba

Binciken ya fito da wasu 'yan fayiloli gurɓatattu waɗanda ba a kai ga neman su ba tukuna, an cire su. Na rubuta takardar neman sabon batirin UPS.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Yayin duba shafin kulawa na ga cewa faifan ya kusa cika, kuma akwai ƙunshe-ƙunshen bullseye jibge, waɗanda babu injin da ke buƙata yanzu. Manhajar tana zuwa da aikin shara na kullum a /etc/cron.daily, amma a Debian ana gudanar da waɗannan ayyuka ne da ƙarfe 6:25 na safe, lokacin da sabarmu take a kashe tun daren jiya, kuma ba a shigar da anacron ba, wanda shi ne ke rama aikin da lokacinsa ya wuce. Na shigar da shi. Da na gudanar da sharar da hannu kuma sai ta tsaya a tsakiya, domin kafin ta goge komai takan sabunta dukkan jerin da ke ajiye don ta san abin da har yanzu ake ambata, idan kuwa ɗaya ya ƙi sabuntuwa sai ta janye. Na ga hikimar hakan, gara ta tsaya da ta goge abin da ake buƙata. Wanda ya hana ta shi ne jerin wani rumbu na waje da aka taɓa gwadawa, wanda yanzu babu shi. Na cire ragowarsa, sharar ta wuce. Fayilolin da aka yi wa alama ba sa tafiya nan take, sai sun cika kwanakin da aka sa a ExThreshold, don haka sai mako mai zuwa za a ga faɗin wurin da aka samu.

Laraba, 25 ga Oktoba

Sabuwar matsala daga ajin koyon rubuta manhaja. An ƙara wani rumbu na waje wanda adireshinsa ya fara da https, sai apt ya dawo da 403 da bayanin "CONNECT denied". Dalilin a fili yake. Idan ba a ba apt wani furoksi na musamman don https ba, yakan bi na http, ya roƙi sabar ta buɗe masa rufaffiyar hanya zuwa waje, ita kuma a tsarinta na asali ba ta yarda da haka.

Hanyoyi uku ne a gabana. Ana iya cewa injinan su tafi kai tsaye idan https ne, ko a buɗe musu hanya a sabar da layin PassThroughPattern. A duka biyun babu abin da zai shiga ajiya, tun da sabar ba ta ganin abin da ke wucewa a rufe, kowane inji zai sauko da nasa. Bugu da ƙari, misalin da ya fi yawo shi ne a sa wannan layi ya karɓi kowane adireshi, wanda zai mayar da sabar ƙofar fita intanet ga duk ɗalibin da ya san lambarta, kuma datar wata ba za ta kai mako ba. Hanya ta uku, wadda na ɗauka, ita ce a rubuta adireshin a jerin injin da http://HTTPS/// a gaba, sannan sunan rumbun. Da haka injin zai yi magana da sabar a buɗe a cikin ɗaki, sabar ce za ta yi rufaffiyar magana da waje, ta ajiye kwafi. Amincin ƙunshin bai ragu ba, domin sa hannun rumbun ne ke tabbatar da shi, kuma injin ne da kansa ke bincikawa. Illarta ɗaya ce, irin wannan adireshi ba ya aiki sai a bayan apt-cacher-ng, saboda haka ban sa shi a kwamfutocin da ake fita da su ba.

Akwai abin da nake sa wa ido game da wannan rumbu. InRelease na Debian yana ɗauke da layin Acquire-By-Hash, wanda ke sa apt ya nemi fayil ɗin jeri da lambar tantancewarsa a maimakon sunansa, ta yadda ko an sabunta rumbu a tsakiyar saukowa ba za a haɗa sabuwar takarda da tsohon jeri ba. Wannan rumbu na waje ba shi da layin, don haka idan wata rana aka ga "File has unexpected size" a kansa, a jira kaɗan a sake gwadawa kafin a taɓa ajiya.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Injina biyu na layin baya sun kawo saƙon da ya yi kama da na farko amma kishiyarsa ne, "is not valid yet". Kowa ya ɗora wa sabar laifi, alhali wannan karon ba ta da hannu. Agogon injinan ne ke baya, saboda ƙaramin batirin madabod, CR2032, ya mutu, kuma na'urar da ke raba intanet a ɗakin tana toshe ƙofar 123 da ake daidaita lokaci ta cikinta. An canja baturan, na kuma sa chrony, manhajar daidaita agogo, a kan sabar domin dukkan injinan su riƙa karɓar lokaci daga gare ta.

Kwamfutocin malamai kuwa na cire musu tsayayyen adireshin furoksi, na sa Acquire::http::Proxy-Auto-Detect da ɗan rubutun da ke gwada ko sabar tana kusa, idan tana nan ya ba da adireshinta, idan babu ya ce DIRECT.

Litinin, 11 ga Disamba

An yi makonni babu ƙorafi, sai ƙarshen makon nan ya kawo gwajin da ban shirya ba. Ranar Asabar, 9 ga wata, aka tsara fitar da 12.3, amma Debian ta dakatar da ita bayan an gano cewa kanel mai siga 6.1.64 yana da aibin da ke iya lalata bayanai a faifai mai tsarin ext4, har ta roƙi mutane kada su sabunta injinansu a lokacin. Jiya Lahadi aka fitar da 12.4 da kanel 6.1.66 wanda aka gyara. Dukkan injinanmu ext4 ne, kuma ayyukan ɗalibai na zangon nan suna kansu.

Ɗakin a rufe yake Asabar da Lahadi, don haka babu injin da ya nemi komai. Da safe, kafin a kunna ko ɗaya, na duba layin Date na InRelease ta hannun sabar na gwada shi da na kai tsaye, suka zo ɗaya. Na tabbatar da apt policy cewa linux-image-amd64 yana nuna 6.1.66, na kuma bincika ajiyar ban ga linux-image-6.1.0-14 ba. Sai bayan haka na bari aka sabunta. Da a ce har yanzu muna bayan rumbun da ke makara, kuma ya tsaya a daidai ranar Asabar, da kanel mai aibin za a raba wa ɗakin gaba ɗaya, da sahihin sa hannu, babu saƙon kuskure ko ɗaya, domin wa'adin kwana 7 bai isa ya kama makarar yini biyu ba.

Saboda haka na fara rubuta ɗan aikin da zai riƙa gudana duk lokacin da sabar ta tashi, ya sauko da InRelease na bookworm da bookworm-updates da bookworm-security ta hanyoyi biyu, ta furoksi da kai tsaye, ya gwada layin Date, idan tazarar ta wuce yini ɗaya ya aiko mini da saƙo. Sashen gwajin ya kammala, saura sashen aika saƙo. Batirin UPS har yanzu bai iso ba, don haka binciken lambobin tantancewa na ajiya zai ci gaba duk ranar Juma'a da yamma har sai an kawo shi.